Wane horo lauyan yaro yake buƙata kafin ya tsaya a kotun iyali?

Barira ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manyanmu a wannan aiki, musamman waɗanda suka daɗe suna tsayawa a kotun iyali. Shekarata huɗu da fara aikin lauya, kuma mafi yawan abin da ya biyo ta hannuna shari'o'in kwangila ne da na filaye. A watan jiya alƙali ya naɗa ni in tsaya wa wata yarinya 'yar shekara tara wadda iyayenta suka rabu, suna jayayya a kan riƙonta. Na sauya wasu bayanai domin kada a gane su. Uban yana da lauyansa, uwar tana da nata, ni kuma aka ce in kula da maslahar yarinyar, ba tare da an fayyace mini abin da hakan yake nufi a aikace ba.

Na zauna da ita sau biyu. A zama na farko ban samu komai daga bakinta ba face "e" da "a'a". A na biyu ta ce mini tana so ta zauna wurin mahaifinta, sai dai ta faɗi hakan da wasu kalmomi da ban yi zaton jin su daga 'yar shekara tara ba, kamar wadda ta haddace karatu. A gefe guda kuma, takardun makarantarta sun nuna cewa a watannin da take hannun uban ta yawaita fashin zuwa aji. Tun ranar nake juyayi, domin ban san ko aikina shi ne in tashi a gaban alƙali in nemi abin da ta ce tana so ba, ko kuwa in nemi abin da ni nake ganin ya fi mata.

Abin da ya fi damuna shi ne na gane cewa duk karatun da na yi bai shirya ni wa wannan zama ba. An koya mini yadda ake tsara ƙara da yadda ake titsiye mai shaida, amma ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake zama da yaro a ji abin da ke ransa. Don haka nake tambaya: wane horo ya kamata lauya ya samu kafin ya karɓi irin wannan aiki, kuma wanda ya riga ya karɓa, kamar ni, da me ya kamata ya fara?

Barista Sani ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ruɗanin da kika shiga shi ne darasin farko a duk wani horo mai inganci, kuma ƙasashen da suka daɗe suna wannan aiki ba su amsa tambayar da murya ɗaya ba. Kalmar "lauyan yaro" tana ɗauke da ayyuka biyu mabambanta, kuma wanda bai san wanne aka ɗora masa ba zai riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan gwargwadon yadda zuciyarsa ta raya masa a ranar.

A Ostareliya, dokar iyali ta 1975 ta faɗa ƙarara cewa lauyan da kotu ta naɗa wa yaro ba wakilin yaron ba ne irin yadda muke wakiltar babba, kuma ba dole ba ne ya bi umarninsa. Aikinsa shi ne ya duba hujjoji ya kai ga ra'ayin kansa game da maslahar yaron, amma wajibi ne ya tabbatar duk abin da yaron ya faɗa ya isa gaban kotu cikakke. Daga watan Mayu na 2024 dokar ta ƙara wajabta masa ganawa da yaron, sai in bai kai shekara biyar ba, ko shi yaron ya ƙi, ko kuma akwai wani dalili na musamman. Ki lura da wannan, domin ba a wajabta abu a doka sai an ga ana barinsa.

A Ingila kuwa sun raba aikin gida biyu. A shari'o'in da hukuma take neman karɓe yaro daga iyayensa, dokar yara ta 1989 ta tanadi mai kula da maslahar yaron, wanda ƙwararren ma'aikacin jin daɗin jama'a ne, tun 2001 kuma hukumar Cafcass ce take samar da su, sannan ga lauya a gefensa. Lauyan yana karɓar umarni daga mai kular, amma idan yaron ya kai hankalin da zai ba da umarni da kansa, kuma abin da yake so ya saɓa da na mai kular, to lauyan yaron yake bi. A Amurka, Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta fitar da ƙa'idoji a 2003 game da shari'o'in riƙo, inda ta ba ayyukan biyu suna daban-daban, ta ce kotu ta bayyana wanne take nufi tun a takardar naɗi. Ƙa'idojin sun ƙara da cewa kowanne daga cikinsu lauya ne, ba mai shaida ba, don haka ba ya ba da shaida kuma ba ya rubuta rahoto, sai dai ya kawo hujja ya yi muhawara a kanta kamar kowane lauya.

Saboda haka abin da za ki fara yi shi ne ki koma ga takardar naɗinki da dokar da aka naɗa ki a ƙarƙashinta. Idan ba su fayyace ba, ki nemi alƙali ya fayyace a zaman kotu, a gaban lauyoyin iyayen biyu, a kuma rubuta. Babu abin kunya a cikin wannan, kuma zai kare ki ranar da ɗayan ɓangarorin ya zarge ki da wuce iyaka.

Game da karatu, ki fara da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, sashe na 3 da na 12. Na farkon yana magana a kan maslahar yaro, na biyun a kan haƙƙinsa na a saurare shi a duk shari'ar da ta shafe shi, a kuma ba ra'ayinsa nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya yi dogon sharhi a kan sashe na 12 a 2009, a kan maslaha kuma a 2013, kuma waɗannan sharhohi biyu sun fi littattafai da dama amfani ga mai irin aikinki. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙi da walwalar yaro ta 1990 ta fi tsanantawa a sashe na 4, domin ta sanya maslahar yaro gaba da komai, alhali ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya ta cikin manyan abubuwan da ake fara dubawa. Ni dai a nawa ganin, da 'yar shekara tara, zan isar wa kotu maganarta yadda ta faɗe ta ba ragi ba ƙari, sannan in kawo takardun makarantar, in faɗi abin da nake ganin hujjojin suka nuna.

Malama Hadiza ta amsa:

Barista Barira, ni ba lauya ba ce, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce, kuma na shafe shekaru ina rubuta wa kotuna rahoto a kan yara. Da izinin Barista Sani zan tsaya a kan zamanki da yarinyar, domin a nan ne nake ganin lauyoyi masu kyakkyawar niyya suna yin ɓarnar da ba su sani ba.

Lauya an horar da shi ya yi tambayar da ya riga ya san amsarta, tambayar da take kora mai shaida zuwa lungu ɗaya. Wannan dabara guba ce a wurin yaro. Yaro ya saba cewa idan babba ya yi tambaya akwai amsar da yake so, don haka yakan lalubo ta a fuskarki, kuma idan kika maimaita tambaya sau biyu yakan ɗauka amsarsa ta farko kuskure ce, sai ya sauya. Ba daga zato aka san wannan ba. Shari'ar makarantar renon yara ta McMartin a Kalifoniya ta ɗauki shekaru ta ƙare a 1990 ba tare da an samu kowa da laifi ba, kuma yadda aka yi wa yaran tambayoyi masu cusa amsa yana cikin manyan abubuwan da aka soka. Bayan irin waɗannan ne masana, cikinsu har da Michael Lamb, suka tsara hanyar tattaunawa da yara da ake kira tsarin NICHD, da sunan cibiyar binciken lafiyar yara ta Amurka. An tsara ta ne domin binciken cin zarafi, amma ginshiƙanta suna da amfani ga duk mai zama da yaro.

Kafin ki kusanci maganar gida, ki gaya mata cewa tana da damar cewa "ban sani ba" ko "ban gane ba", kuma idan kika faɗi abin da ba daidai ba ta gyara miki. Sai ki sa ta ba ki labarin wani abu da ba shi da nauyi, misali yadda ta wuni jiya tun daga tashinta, domin ta saba cewa ita ce mai magana, ke mai saurare. Daga nan ki riƙa cewa "ba ni labarin safiyar ranar makaranta a gidan babanki", "sai me ya faru", "ƙara gaya mini game da wannan". Kada ki taɓa tambayarta wa ta fi so tsakanin uwa da uba, domin kin ɗora mata kayan da alƙali ne ya kamata ya ɗauka, kuma yara da yawa sukan girma suna ganin su suka raba gidansu.

Game da kalmomin da kika ce kamar haddacewa, ina roƙon ki kada ki yanke hukunci da wuri. Mai yiwuwa an koya mata, hakan yana faruwa. Mai yiwuwa kuma tsoro ne, ko tausayi, domin na sha ganin yaron da ya zaɓi mahaifin da yake ganin ya fi rauni, saboda yana jin idan ya tafi babu mai kula da shi. Yawan fashin makarantar ma yana iya zama alamar wannan. Wani yaron kuma ya ta maimaita maganar ne a ransa dare da rana saboda ya san za a tambaye shi, har ta fito a tsare, alhali tasa ce. Ki duba wanda ya kawo ta wurinki a zama na biyu, da wanda yake jira a bakin ƙofa. Ki sake ganinta ranar da uwar ce ta kawo ta, ki kuma nemi izini ki je makarantar da gidajen biyu, domin gani ya kori ji.

Abu na ƙarshe, idan kina zaɓen kwas, kada ki gamsu da wanda lacca ce zalla. Binciken su Lamb ya nuna cewa masu tambaya sukan san ƙa'idojin da baki bayan lacca, amma su koma tsohuwar hanyarsu da zarar sun zauna da yaro, sai fa in ana duba aikinsu ana yi musu gyara a kai a kai. Ki nemi horon da za a sa ki gwada tattaunawar, a naɗi muryarki, a zauna da ke a ƙirga tambayoyi nawa kika cusa amsa a cikinsu.

Barista Kabiru ya amsa:

Ina girmama Barista Sani, shi ne gaba da mu a wannan fage, amma ina da ja a kan jimlarsa ta ƙarshe. Duk wanda yake cikin zauren kotun nan yana da'awar maslahar yarinyar yake nema: lauyan uba, lauyan uwa, mai rahoto, da alƙali wanda shi doka ta ɗora wa yanke hukunci a kanta. Idan lauyar yarinyar ma ta shiga wannan sahu, to an samu mutum biyar masu magana a kan yarinyar, babu ko ɗaya mai magana da bakinta. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, babu abin da ke cikin karatun lauya da ya ba mu ƙwarewar sanin gidan da ya fi dacewa da yaro. Abin da muke kira maslaha sau da yawa tarbiyyarmu ce da irin gidan da muka taso, shi ya sa mahaifin da ya fi kuɗi ko ya fi iya magana yakan burge mu ba mu ankara ba. Horon da bai sa lauya ya tuhumi wannan son rai nasa ba bai cika ba.

Tsarin Ingila da aka ambata yana da tarihi mai ɗaci. Maria Colwell ta rasu a Janairun 1973 tana 'yar shekara bakwai a hannun mijin mahaifiyarta, bayan kotu ta amince a mayar da ita can daga wurin 'yan'uwan da suka rene ta shekaru. Yarinyar ta nuna ƙin komawa ta duk hanyar da yaro zai iya nunawa, amma babu wanda ya tsaya mata ita kaɗai a kotun. Binciken da ya biyo baya yana cikin abin da ya haifar da tanadin wakilci na daban ga yara a dokar yara ta Ingila ta 1975. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da kuwa mai ɗakin ƙarami ne. Sharhin 2009 da Barista ya ambata ma bai yarda a sa iyakar shekaru ga wannan haƙƙi ba, ya ce a fara da ɗauka cewa yaro yana iya samun ra'ayin kansa.

Zan ƙara abu biyu da ba a ambata ba. Dole lauyan yaro ya koyi yadda tashin hankali a cikin gida yake aiki, musamman irin wanda babu duka a cikinsa sai tsoratarwa da danniya, domin wanda aka zalunta yakan zo kotu a rikice, azzalumin kuma a natse. Dole kuma ya iya karanta rahoton masanin halayyar ɗan'adam ya titsiye shi: sau nawa ya ga yaron, a ina, wa ya ba shi bayani, wace hanya ya bi. Lauyan da bai iya wannan ba zai miƙa wa mai rahoto shari'ar ne kawai.

Barira ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malama, kin taɓa inda yake mini ciwo, domin uban ne ya kawo ta a zama na biyu, yana zaune a waje, kuma da na sake duba abin da na rubuta a ranar sai na ga ni ce na tambaye ta inda take so ta zauna, kai tsaye, tun ba mu yi minti goma ba. Na riga na rubuta takardar neman alƙali ya fayyace matsayina.

Sauran abu ɗaya, ranku ya daɗe. A zaman farko, don in kwantar mata da hankali, na ce mata duk abin da ta gaya mini zai tsaya tsakanina da ita. Yanzu na fahimci mai yiwuwa na yi alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Yaya zan gyara wannan ba tare da ta daina yarda da ni ba?

Barista Sani ya sake amsawa:

Kabiru, na karɓi gyaranka a kan son rai, kuma ban musa cewa yaro mai hankali ya cancanci lauya mai bin umarninsa ba. Inda muka rabu shi ne 'yar shekara tara da ake zargin akwai matsi a kanta, kuma wannan alƙali ne zai raba mana gardama idan ya amsa takardar Barira.

Ƙanwata, ki gyara alkawarin a farkon zama na gaba, kafin ta faɗi wani sabon abu. Girman sirrin da ke tsakaninku ya danganta da matsayin da kotu ta ba ki da ƙa'idojin aikin lauya na inda kike, shi ya sa fayyace matsayin ya zo gaba da komai. Lauya mai bin umarnin yaro yana riƙe sirri kusan yadda yake riƙe na babba, mai kula da maslaha kuwa yana iya amfani da abin da ya ji idan maslahar ta buƙata, kuma a kowane hali akwai lokacin da haɗari ga ran yaro ko lafiyarsa yake sauya lissafi. Ki gaya mata da kalmomin da za ta gane cewa kin yi kuskure a abin da kika faɗa, cewa akwai abubuwan da alƙali zai ji, kuma abin da alƙali ya ji babanta da mamarta ma za su ji. Ki ce mata idan kika ji wani yana cutar da ita ba za ki yi shiru ba, amma ba za ki kai maganarta ko'ina ba sai kin fara sanar da ita. Yara sukan yafe wa babban da ya ce ya yi kuskure, abin da ba sa yafewa shi ne su ji sirrinsu a bakin mahaifinsu bayan an tashi daga kotu.

Ki kuma gaya mata cewa ba dole ba ne ta zaɓa, domin faɗin ra'ayi haƙƙinta ne, ba wajibi ba ne a kanta, kuma alƙali ne zai yanke hukunci, ba ita ba. Duk abin da za ki isar daga bakinta, ki karanta mata shi tukuna ta gyara. Kada ki yarda a yi ta ɗage shari'ar ba dalili, domin wata shida a rayuwar 'yar shekara tara ba ƙaramin lokaci ba ne, kuma dokar Ingila ta 1989 ta ɗauki jinkiri kansa a matsayin abin da yakan cutar da yaro. Ranar da aka yanke hukunci, ko ya zo yadda take so ko bai zo ba, ki je da kanki ki bayyana mata abin da alƙali ya ce da dalilinsa, da yadda aka yi da maganarta. Ki sa wannan ziyara a kundin ayyukanki tun yanzu, kuma kafin zama na gaba ki nemi wani gogaggen ma'aikacin yara irin Malama Hadiza ya duba tambayoyin da kika shirya.